Shekarar da Na Buɗe wa Anacha Ƙofa

Kun sha jin mutane a unguwar Ogui suna cewa babanku ne ya fara kawo tafsirin gida Inugu ta intanet, har wasu suna ƙara gishiri wai tsabar son alheri ne ya sa ni. Ina so in gyara wannan magana tun ina da bakin gyara ta. Kawowa dai na kawo, amma saura ƙiris in ɓata abin da hannuna, kuma wadda ta tare ni ita ce yayarku Hadiza, wadda kuka taso kuna jin ina kiranta Inna saboda sunan mahaifiyata ta ci.

A shekarar nan sana'ata albasa ce da wake a kasuwar Ogbete, sai ɗan shago da na buɗe a Ogui inda ake zuba wa mutane karatu da wa'azi a memorin waya. Masu turin baro, masu gyaran takalmi, masu gadi, 'yan okada, duk wanda kewar gida ta kama nan yake zuwa. Inna ke riƙe da shagon don ta yi karatun kwamfuta, ni kuwa iyakata in kunna in kashe. Abin da ya fi ja mana jama'a shi ne tafsirin Malam na garinmu. Duk azumi ana ɗaukarsa a faifai, a ba direban motar albasa ya taho da shi, ya yi kwana huɗu ko biyar a hanya. Wani faifan ya iso ya lanƙwashe da zafin inji, wani direba ya manta shi a Makurɗi, wanda ya iso lafiya kuwa har ya gama juyawa ɗakin warin albasa yake. Ranar goma ga wata muna sauraron karatun biyar ga wata. Duk da haka daga Awka, daga Aba, har daga Anacha da Fatakwal ana aiko da memori a zuba, domin motata ce ke fara isowa kudu.

Farkon Sha'aban sai ɗan Malam, wani malamin makaranta mai suna Nasiru, ya kira ni. Ya ce makarantarsu ta samu layin intanet, bana ba sai an jira mota ba. Akwai wata manhaja da ake ce wa torent. Zai aiko mana da wani ɗan ƙaramin fayil, kamar takardar kaya, mu buɗe shi a cikin manhajar, ita kuma ta janyo karatun da hotonsa daga kwamfutarsa zuwa tamu. Ban gane rabin abin da ya ce ba, amma na gane kalma ɗaya, ba mota. A ranar na kira Ishaku, mutumin kudancin Kaduna da ke ja wa ofisoshi layi, ya kafa mini eriya a kan rufin shago, ya ajiye wani akwati mai ƙyafta ido da ya ce sunansa rauta. Na sayo babbar talabijin. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Ranar Juma'a ana sallamewa na miƙe a farfajiyar masallacinmu, gaban dattawa da kowa.

"Jama'a, bana abin da Malam ya karanta yau a gida, gobe bayan la'asar kuna kallonsa a nan."

Liman ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji Sabo, ka dai ce in sha Allahu."

"Na ce in sha Allahu, Allah gafarta Malam. Kuma na ce gobe-gobe."

Aka yi dariya, aka yi kabbara. Ku da kuka yi boko ba lallai ku san nauyin abin da na yi ba. Dillali irina ba shi da takarda, ba shi da hatimi. Mota guda ta albasa ana ɗora mini ita a kan maganar bakina kawai. Sau ɗaya tak maganata ta taɓa faɗuwa ƙasa, kuma wanda ya kayar da ita shi ne Alhaji Garba, ɗan garinmu da ke dillanci a Anacha. Shekara shida kafin nan na gama cinikin wata mota ta waya, na ce wa matan Ibo masu saye a wajena su zo da safe. Shi kuwa ya tare direban a mararrabar Nayin Mayil, ya lallashe shi, ya karkatar da motar Anacha. Kwana uku matan nan suna zuwa da kwanduna ina ba su haƙuri. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

Saura kwana goma azumi muka yi gwaji da wani karatun Juma'a. Inna ta saka manhajar, ta buɗe ɗan fayil ɗin, sai ga wani dogon layi ya fara cika da shuɗi. Na ja kujera na zauna kamar mai kallon ƙwallo. A ƙasa na ga kibiya biyu, ɗaya ta dubi ƙasa, ɗaya ta dubi sama.

"Inna, wannan ta ƙasa fa?"

"Abin da ke shigo mana ke nan, Baba."

"Ta saman fa?"

"Abin da wasu za su ɗauka daga wajenmu."

"Daga sitona? Rufe ta."

"Baba, ai abin ba haka..."

"Na ce ki rufe ta."

Ta rufe. Kada ku yi mini dariya. Shekara talatin ina kasuwa ban taɓa barin wani dillali ya leƙa cikin sitona ba, makulli a aljihuna yake kwana, kuma da an gama sauke kaya ake jan ƙofa. Abin da na sani ke nan, shi ya rufa mini asiri, shi na kawo gaban kwamfuta. To, layin nan shuɗi sai ya kama rarrafe. Na je Ogbete na dawo, yana nan inda na bar shi. Washegari ya matsa kamar faɗin farce. Sai a rana ta huɗu ya cika. Mahaifiyarku tana miƙo mini kunu ta ce:

"Alhaji, ashe ita ma intanet ɗin ta Makurɗi take biyowa?"

Ban yi dariya ba. Na koma shago na ce wa Inna ta gaya mini gaskiyar abin da ke faruwa, da Hausar kasuwa.

"Baba, karatun nan ba a dunƙule yake tahowa ba. An yanka shi gutsu-gutsu, ka ɗauka buhuna ne. Layin Malam Nasiru siriri ne, kuma mu uku ke ja, mu da Anacha da unguwar Mile 3 ta Fatakwal. Yanzu kowane buhu sai ya ɗauko shi sau uku. Da muna ganin juna, sai ya ba mu na ɗaya, ya ba Anacha na biyu, ya ba Fatakwal na uku, mu kuma mu yi musaya a nan kudu."

"Me ya hana mu ganin juna?"

"Ƙofar kowa a rufe take. Su da ɗan modem ɗin da ake sokawa a kwamfuta suke aiki, ba su da ikon buɗewa. Layinmu ne kaɗai za a iya buɗe wa ƙofa a rauta, su riƙa shigowa ta wajenmu. Sannan kai da bakinka ka ce in toshe wajen fitarwa."

"Wa ke ja a Anacha?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

"Alhaji Garba."

Na tashi na fita. Kwana uku na yi ina neman wata hanya, kuma ba na jin kunyar faɗa muku. Na kira Ishaku na ce ya ƙara wa layina ƙarfi.

"Oga Alhaji, ko layin banki na ja maka, abin da ke fitowa daga can ba zai ƙaru ba. Bututun can ne siriri. Abin da 'yarka ta faɗa shi ne."

Na kira Nasiru na ce ya riƙa ba ni tukuna, in na gama sai ya buɗe wa sauran. Ya ce Malam ya riga ya yi magana, karatu na kowa ne, kada a fifita wani gari a kan wani. Daga nan na zo wa Inna da dabarata ta ƙarshe.

"Ba za a iya buɗe wa Fatakwal a toshe Anacha ba?"

"Ana iya yi, Baba. Amma ba da hannuna ba."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce mini a'a ba sai ranar. A gida na kai ƙararta wajen mahaifiyarku, ina tsammanin za a goya mini baya. Tana tsintar wake ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhaji, albasar shekara shida ta ruɓe tuni, kai kaɗai ke ajiye da ita. Wa ya aike ka ka miƙe a masallaci? To, tunda ka miƙe, zaɓi ɗaya. Ko Garba ya ji karatu, ko kai ka ji kunya."

Ga abin da nake so ku riƙe. Ban yafe wa Garba a ranar ba. Aunawa na yi irin ta ɗan kasuwa. Na san in na buɗe ƙofar nan, Anacha da Fatakwal za su samu karatu a rana ɗaya da ni, kuma masu aiko mini da memori daga can ba su da sauran dalilin aikowa. Na ɗora wannan a hannu ɗaya, na ɗora maganar da na yi gaban Liman a ɗaya hannun. Maganar ta fi nauyi. Shi ke nan.

Saura kwana biyu a duba wata, da hantsi, muka zauna. Har yau ina iya zana muku abin da ta yi, don ban ƙyafta ba. Ta fara shiga manhajar ta nemo lambar ƙofar da take amfani da ita, ta cire wata 'yar alama da ke sa lambar ta riƙa sauyawa duk kunnawa. Ba takarda kusa, sai na yago gefen kwali na rubuta lambar da birona. Ta buga adireshin rauta, aka tambaye ta kalmar sirri, ta kifa akwatin ta karanto ta ƙasansa, ta ƙi shiga. Muka kira Ishaku yana kan okada, yana ihu cikin iska yana faɗo mana haruffa ɗaya-ɗaya, ni ina maimaitawa da ƙarfi har mai sayar da burodi na gefe ya haddace ta, dole daga baya muka sauya. Da ta shiga, ta nemo shafin tura ƙofa, ta rubuta lambar kwalina, ta rubuta adireshin kwamfutarmu, ta zaɓi duka nau'in hanya biyun da aka nuna, ta adana. Sannan ta je wajen mai gadin kwamfutar, wanda ke tare baƙi, ta ba manhajar izinin wucewa. A ƙasan manhajar akwai wata 'yar alama da tun farko ja take. Ta danna gwaji. Sai alamar ta koma kore.

"Ta buɗe, Baba! Saura wajen fitarwa. Kai ka ce a rufe, kai za ka buɗe."

Ta kama yatsana ta ɗora a kan linzamin kwamfutar, na danna. Nasiru ya riga ya sa mana wani sabon karatu na gwaji. Minti bai cika ba sai ga sabon layi ya bayyana a ƙarƙashin nasa, a jerin waɗanda muke haɗe da su. Inna ta nuna mini.

"Ga Fatakwal ta shigo."

Can sai ga wani.

"Ga Anacha."

Lambobin saurin janyowa da suka kwana huɗu suna gyangyaɗi sai suka zabura. Layin shuɗi ya kama tafiya, da idona ina ganinsa yana tafiya! Na miƙe na yi wata kabbara har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko gobara ce. Na kira mai burodi, na kira mai wankin hula, na ce su zo su ga kaya na tafiya ba mota ba direba. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Muka tayar da janareto, komai ya dawo, amma alamar nan ta koma ja, Anacha da Fatakwal sun ɓace.

"Garba ne! Na san za a rina!"

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, Alhaji Garba bai ma san me ya faru ba. Rauta ce da ta farfaɗo ta ba kwamfutarmu sabon adireshi. Kamar ka ce wa direba ya sauke a shago mai lamba biyar, kai kuma ka koma na shida."

Ta shiga ta ɗaure wa kwamfutar adireshi guda na dindindin. Muka kashe muka kunna sau uku don in tabbatar, kore dai, kore dai.

Aka ga wata. Malam ya buɗe tafsiri ranar ɗaya, ranar biyu da sassafe Nasiru ya saki karatun. Ban je Ogbete ba. Tun hantsi aka kai talabijin masallaci, aka shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya wuce shago sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ya iso?" Ni kuma in ce yana hanya, ina washe baki, don layin yana gudu kamar an kora shi. Muka yi sallar azahar muka dawo. Saura kaɗan ya cika sai layin Nasiru ya ɓace daga jerin. Na kira shi. Injin makarantar ya mutu, mai gyaran kuma ya tafi cin kasuwar ƙauye, sai gobe. Na ɗauki hulata zan tafi wajen Liman in faɗi da bakina kafin jama'a su taru.

"Baba, tsaya. Dubi."

Layin yana motsi. A hankali, amma yana motsi.

"Daga ina?"

"Malam Nasiru ya riga ya fitar da kowane buhu sau ɗaya kafin injinsa ya mutu. Na Fatakwal duk mun karɓe. Waɗanda suka rage mana suna Anacha."

Na ajiye hular na zauna. Modem ɗin Garba yana da saurin karɓa amma ba shi da ƙarfin bayarwa, mu kuwa layinmu yana ta zuba masa. Ba a jima ba Inna ta nuna mini da yatsa.

"Nasa ya cika."

Na san abin da ni zan yi in ni ne shi. An gama sauke kaya, sai a ja ƙofa. Ko ba da mugunta ba, haka aka koya mana. In ya zare modem ɗin nan, karatuna zai tsaya da ramuka a ciki, ga mutum ya fi ɗari suna alwala. Na ɗauki waya. Lambarsa na goge ta shekara shida, amma yatsana bai manta ba. Ta yi ƙara uku ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Alhaji Garba, barka da ibada."

Ya amsa:

"Wa alaikumus salam. Alhaji Sabo? Ya iyali, ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Ya ruwan Anacha?"

"Da godiya."

Muka ƙare gaisuwa kaf, babu wadda muka tsallake. Sannan na ce:

"Kada ka zare."

"Ban zare ba. An ɗauke mana wuta tun ɗazu, batirin kwamfutar na kuka, na fita da kaina na samo fetur. Labarin alkawarinka ya zo mana nan." Ya yi tari. "Alhaji Sabo, wannan motar ba zan karkatar da ita ba."

Iyakar haƙurin da ya taɓa ba ni ke nan a duniya, kuma na karɓa.

Ana kiran la'asar layin ya cika. Inna ta juye shi a filashi, na damƙe shi a tafin hannu na haye okada, da girmana da babbar rigata ina ce wa mai okada ya ƙara wuta. Aka sallame sallah, aka soka filashin a talabijin, sai ga Malam zaune a kan buzunsa, ga masallacin garinmu da sabon fenti da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Wani mai turin baro ya zabura daga baya.

"Wallahi ga babana can a sahun gaba! Ga shi can da farar hula!"

Wuri ya kaure, wasu na dariya, wasu na share ido. Liman ya jawo hannun rigata.

"Alhaji Sabo, na jiya ne?"

"Na jiya ne, Allah gafarta Malam."

Haka muka yi har ƙarshen wata, kwana ɗaya bai faɗi ba. Abin da na hango kuma ya faru. Daga shekarar nan memori ya daina zuwa daga Anacha da Fatakwal, na Awka ma suka koma wajen Garba don ya fi musu kusa. Shagon ya yi ta raguwa har na mayar da shi wajen ajiye wake. Kada wani ya ce muku ban yi asara ba, na yi, kuma na ji ta. Ni da Garba ba mu sake haɗa ciniki ba har ya rasu, amma duk jajibirin azumi sai ya kira, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, "Kore ce?" In ce masa kore ce.

In kun buɗe akwatina bayan raina, a ƙarƙashin takardun gida za ku ga wani guntun kwali mai lambobi biyar da rubutuna. Ba lambar asusu ba ce, kada ku wahalar da kanku. Ku ba Inna, nata ne.